Idan Na'ura Ta Yi Magana a Madadin Bebe, Maganar Wa Ce?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya hore masa bayyana abin da ke cikin zuciyarsa, wani da harshe, wani da alƙalami, wani da hannu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, da wuya a sami gari a ƙasar Madawa ko Buza ko Keita wanda babu kurma ko bebe a cikinsa. Wani haka aka haife shi. Wani sanƙarau ne ya tafi da jinsa yana yaro, kamar yadda aka gani a annobar 1995 da 1996, da kuma ta 2015. Wani ƙyanda ce. Wani kuma dattijo ne da ya shekara sittin yana magana, hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, harshe ya ɗaure, alhali hankalinsa yana nan daram. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2021 cewa mutum sama da miliyan 430 ne ke fama da raunin ji mai tsanani, miliyan 34 daga cikinsu yara ne.

A wannan zamani an ƙera na'urori masu magana a madadin irin waɗannan bayin Allah. Tun da wayar salula ta riga ta shiga ƙauyukanmu, ba za a daɗe ba abin zai iso mu. Saboda haka ya wajaba mu yi tambaya tun kafin ya iso: idan na'ura ta furta magana a madadin mutum, maganar wa ce? Kuma wa ke da haƙƙin zaɓar muryar?

Mece ce muryar na'ura?

Mutum yakan rubuta abin da yake nufi, ko ya taɓa hotuna a fuskar waya, sai na'urar ta karanta shi a bayyane. Wanda ya fi shahara da wannan shi ne Stephen Hawking, malamin kimiyya na jami'ar Kambirij a Ingila. Cuta ta kashe masa jijiyoyin motsi, sannan a 1985 aka yi masa aiki a maƙogwaro, muryarsa ta tafi gaba ɗaya. Muryar da aka sa masa a na'ura an gina ta ne a kan aikin wani masani Ba'amurke mai suna Dennis Klatt, don haka Baturen Ingila ya wayi gari yana magana da lafazin Amurka. Daga baya an sami muryoyin da suka fi ta daɗi, amma ya ƙi a sauya masa, domin da ita aka san shi, da ita ya san kansa, har ya mutu a 2018.

Yanzu ilimin ya wuce nan. Wanda likita ya gaya masa zai rasa murya yana iya naɗar maganarsa tun da sauran lokaci, na'ura ta koyi amonta ta adana masa. A 2023 kamfanin Apple ya sa irin wannan a wayoyinsa, inda a lokacin mutum ke karanta jimla 150 da Ingilishi. A watan Yuli na 2024 wata ƴar majalisar wakilan Amurka, Jennifer Wexton, wadda cuta ta raunana mata harshe, ta yi jawabi a zauren majalisa da muryar da aka gina daga tsofaffin jawabanta. Wanda kuwa bai taɓa magana ba, wata malamar jami'a a Boston, Rupal Patel, ta ɓullo da hanyar haɗa ɗan sautin da yake iya fitarwa da muryar wani mai sadaukarwa wanda suka yi kusa a shekaru da jinsi, ta kafa kamfani a kan haka a 2014. Abin da ya zaburar da ita shi ne ganin yarinya ƙarama da babban mutum suna magana da murya iri ɗaya, domin ita kaɗai ke cikin na'urorinsu.

Abin da fiƙihu ya riga ya shimfiɗa

Kada wani ya ɗauka cewa bebe yana jiran na'ura ne kafin shari'a ta san da maganarsa. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labari a Suratu Ali Imrana cewa Annabi Zakariyya (AS) ya yi kwana uku ba ya yi wa mutane magana sai da nuni. A Suratu Maryam kuma, da mutanenta suka tsare ta da tambaya, nuni ta yi zuwa ga jaririn. Imam Buhari ya ƙulla babi a kan aiki da ishara cikin saki da sauran al'amura. Daga irin waɗannan dalilai malamai suka fitar da ƙa'idar cewa isharar bebe, matuƙar ana gane ta, tana tsayawa matsayin furuci. A mazhabar Imam Malik cinikinsa ya ƙullu, aurensa ya ƙullu, sakinsa ya auku, kuma ana karɓar shaidarsa idan an fahimci nuninsa. Idan ya tashi salla, kabbarar harama ta faɗi a kansa tun da ba zai iya furta ta ba, niyyarsa ta wadatar. Ashe ke nan ba ya bukatar na'ura tsakaninsa da Ubangijinsa. Tsakaninsa da mu ne ake bukatarta.

Malaman zamani ma sun yi magana a kan na'urori. A 1990 majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda, ta yanke cewa ciniki yana ƙulluwa ta wayar tarho da makamantanta, ta keɓe wasu abubuwa kamar aure saboda sharaɗin shaidu. Kafin haka, a shekara ta 1406 bayan hijira, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke cewa kiran sallar da aka naɗa a kaset bai wadatar ba, domin kiran salla ibada ce mai bukatar niyya, kaset kuwa ba shi da ita.

Idan muka haɗa waɗannan hukunce-hukunce biyu, amsar tambayarmu ta fito. Magana ta mai niyya ce. Na'ura ba ta da niyya, ba ta da lada, ba ta da zunubi. Idan ta isar da abin da bebe ya nufa, to shi ya yi magana, kuma a riƙe shi da ita. Idan ta faɗi abin da bai nufa ba, to ba maganarsa ba ce, kuma zalunci ne a ɗora masa ita.

Matsayin na'ura matsayin wakili ne

Ku dubi ladanin da ke ɗaga kabbarar liman ranar Idi don sahun baya su ji. Aikinsa ya maimaita abin da liman ya faɗa a lokacin da ya faɗa. Ranar da ya riga liman, ko ya ƙara tasa, ya ɓata wa jama'a salla. Dattawanmu kuma suna ba da labarin tafintocin zamanin kumandan, yadda talaka zai faɗi abu, a juya shi ya zama wani abu dabam, ya tafi gidan kaso bai san dalili ba.

Mafi kyawun misali shi ne na Annabi Musa (AS). Ya roƙi Allah Ya warware masa ƙullin harshensa, ya kuma roƙa a haɗa shi da ɗan uwansa Haruna wanda ya fi shi fasahar harshe, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha da Suratul Ƙasas. Ku lura da abu biyu. Musa ne da kansa ya nemi mataimakin, kuma shi ya ambaci wanda yake so. Sannan da Allah Ya amsa masa, ba a ture shi gefe ba, shi ne dai aka yi wa magana, shi aka ba Attaura. Neman taimako a kan magana ba aibu ba ne, amma mai magana ke zaɓar mataimakinsa.

Muna jaddada wannan ne domin na'urorin yanzu, masu aiki da abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, ba su tsaya ga karanta abin da aka rubuta ba. Suna ƙarasa wa mutum jimla, suna gyara masa lafazi, suna tausasa abin da suka ga ya yi kaushi. Ga mai ji da magana wannan sauƙi ne. Ga manomin albasa bebe da ke ciniki da dillali a kasuwar Madawa, idan ya nufi “ban sayar ba” na'ura ta mai da shi “bari mu gani”, ta ci amanarsa. Haka nan budurwar da aka zo neman aurenta. Malamanmu sun so a sanar da budurwa tun farko cewa shirunta yarda ne. To wadda ba ta ji, kuma shiru ne halinta dare da rana, ba a gane yardarta sai an tambaye ta ta hanyar da take fahimta, ta amsa da hannunta, ba wani ya danna waya ya ce ga amsarta ba.

Yaya mutum zai zaɓi muryar da ba ya ji?

A nan ne mas'alar ta fi zurfi. Dattijon da ya rasa murya yana ji, zai saurari na'ura ya girgiza kai idan bai yarda ba. Kurma kuwa muryar za ta fita da sunansa, kowa ya ji ta sai shi. Bai san ko ta yaro ce ko ta tsoho ba, ko ta mai ladabi ce ko ta mai izgili, ko mutane dariya suke yi wa maganarsa ko muryar.

Harshen Hausa ya ƙara wa abin nauyi, domin rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali da hawa da saukar murya. Wuya na jiki da wuya ta wahala rubutunsu ɗaya. Gari na zama da gari na tuwo haka. Ku ɗauki kalmomi biyu: “ya biya”. Idan aka ja “ya” aka ɗaga ta, an shaida cewa mutum ya sauke bashi. Idan aka gajarta ta aka sauke, umurni ne cewa har yanzu sai ya biya. Kurman da aka kira shaida a gaban alƙali ko a fadar hakimi zai rubuta daidai, na'ura ta karanta ba daidai ba, dukiyar wani ta salwanta, shi kuma bai ji abin da aka faɗa da sunansa ba.

Saboda haka muke cewa wajibi ne a kan masu ƙera waɗannan abubuwa su ba kurma hanyar ganin muryarsa da ido. A nuna masa da hoto da ishara shekarun mai muryar da jinsinsa da yanayinsa. A sa masa alama a fuskar waya da za ta rarrabe ma'ana biyu kafin a furta. A bar shi ya zo da amintaccensa, uwa ko ɗan uwa ko aboki da shi ya zaɓa, ya saurara ya kwatanta masa. Kuma ya kasance yana da ikon sauyawa ko kashewa a duk lokacin da ya so. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuramen da kansu ya kamata su zauna tare da masu ƙira tun ranar farko. Mutanen Keita sun san wannan darasi: aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984 da taimakon Italiya, hannun mutanen wurin ne, musamman mata, ya jera duwatsunsa.

Wace Hausa za ta yi?

Allah Ya ambata a Suratur Rum cewa saɓanin harsunanmu yana cikin ayoyinSa. A 2025 Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, kuma an riga an sami na'urorin da ke furta Hausa. Sai dai na'ura ba ta san komai ba face abin da aka ciyar da ita, kuma Hausar da ta fi yawa a rubuce da a gidajen rediyon ƙetare ita ce daidaitacciya mai bin Kananci. Ɗan Adar yana cewa “munka tahi”, yana cewa “biyat”, yana cewa “lahiya lau”. Idan aka ba yaron Buza muryar mai karanta labarai, za a mai da shi baƙo a tsakar gidan ubansa, tsaransa su sa masa suna. Kayan aro ba ya rufe katara. Sannan a cikinmu akwai masu Tamajak da masu Fulatanci, kuma bebensu yana da haƙƙin uwarsa ta ji shi da harshen da ta goye shi da shi.

Haka nan mace a ba ta muryar mace. Matan sahabbai sun kasance suna yi wa Manzon Allah (SAW) tambaya ana ji, don haka ba a tauye bebiya a ce sai namiji ya yi magana da yawunta. Yaro kuma a ba shi muryar yaro, a sauya masa yayin da yake girma. Kuma tun da makarantun kurame suna manyan birane irin su Yamai da Maradi da Damagaram, nesa da yaran ƙauyukanmu, na'urar da sai mai iya boko zai yi amfani da ita ta bar mafi yawansu a baya. Ana bukatar mai aiki da hotuna, mai karɓar ajami, mai aiki inda babu intanet, mai kuɗin da talaka zai iya.

Amanar mai ba da murya

Wanda ya sadaukar da muryarsa don a gina wa bebe tasa ya yi sadaka mai kyau, muna fatan Allah Ya ba shi lada. Amma a yi da saninsa da yardarsa, a gaya masa inda za a yi amfani da ita, kada a sayar wa wani. Kada a ɗauki muryar mamaci a sa ta faɗi abin da bai faɗa ba. Tun 2017 Nijar tana da dokar kare bayanan mutane, shari'a kuwa ta riga ta hana cin amana da shaidar zur.

Ilimin da ke gina wa bebe murya shi ne dai ɓarawo ke kwaikwayon muryar mutane da shi. A 2019 an damfari wani kamfani a Ingila kuɗi Yuro 220,000 ta hanyar kwaikwayon muryar shugaban babban kamfanin da ya mallake shi a waya. Ku tuna yadda gidajenmu suka dogara da saƙon murya na WhatsApp tsakaninsu da ƴan ci-rani da ke Abijan da Libiya da Nijeriya. Da jin muryar uwa ɗa ke aiko da kuɗi. Don haka a riƙa tabbatarwa kafin a aika. Amma kada tsoron ɓarawo ya sa a haramta wa mabuƙaci, domin ba a hana sayar da wuƙa saboda wani ya yi ta'asa da ita.

Kada na'ura ta kashe maganar hannu

Akwai wani haɗari da ya fi waɗannan ɓoyuwa. Kurame da yawa ba su ɗauki kansu marasa harshe ba, kuma gaskiyarsu ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce akwai harsunan ishara sama da 300, ta kuma ware 23 ga Satumba ta zama ranarsu, aka fara a 2018. Kuramen ƙasar Hausa suna da nasu tun kaka da kakanni, wanda wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta nazarta a Kano ta fitar da littafi a kansa a 2000 mai suna Maganar Hannu. Da shi suke hira da gardama da barkwanci, da sauri irin na mai baki.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan masu ji suka yanke wa kurame hukunci su kaɗai. A 1880 malaman kurame suka taru a Milan ta Italiya, kusan dukkansu masu ji, suka fifita tilasta wa yara magana da baki a kan ishara. Aka yi shekaru ana hana yara harshen da suke ganewa, sai a 2010 irin wannan taro ya janye wancan hukunci a Kanada. Idan muka miƙa wa kurma waya muka ce daga yau da ita za ka yi mana magana, don mu huta da koyon hannunsa, mun maimaita kuskuren Milan da sabon kaya. Na'ura tana fitar da maganarsa zuwa gare mu, amma wa zai mayar masa da tamu? Wanda ya ce shi hannunsa ya ishe shi, ba ya son murya, a girmama zaɓinsa.

Abin da ke kanmu

Suratu Abasa ta sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zo neman ilimi a lokacin da ake ganawa da manyan Ƙuraishawa. Darasinta ya game duk mai neman sani da nakasa ta sa ake iya mantawa da shi. Kurma yana zuwa Juma'a, ya zauna a sahu, huɗuba ta wuce bai kama ko kalma ɗaya ba. Wannan ba aikin da za a jira wa injiniyoyin Amurka ba ne.

Muna kira ga kwamitocin masallatai su nemi wanda ya iya maganar hannu, ko da ɗan uwan wani kurma ne, ya riƙa taƙaita musu huɗuba da karatun azumi. Malaman makarantun allo su karɓi yaro kurma, su koya masa rubutu da alwala da salla ta hanyar gani. Iyaye su daina ɓoye shi ko tura shi bara, su kai yara rigakafin sanƙarau da ƙyanda, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata. Matasanmu da suka karanci kwamfuta su sa hannu a wannan aiki, su tattara muryoyin Adar da izinin masu su. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin naƙasassu tun 2008, don haka muna da hujjar tunatar da hukuma.

Kuma idan wata rana ɗan uwanmu ya tsaya a gabanmu yana danna waya don ya yi magana, mu dubi fuskarsa, kada mu dubi wayar. Mu jira shi ya gama, kada mu ƙarasa masa. Mu ba shi amsa shi da kansa, ba wanda ya rako shi ba. Shi ne mai maganar, shi za a tambaya a kanta ranar da Allah zai rufe bakuna, hannuwa su yi magana, kamar yadda ya zo a Suratu Yasin.

Allah Ya ba mu ikon sauke amana, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.